Amsa ga yarona kan babbar molon 'yan kabilar Yi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa molon da ka ga samarin kabilar Yi suna rataye da ita a wurin rawa take da ƙaton ciki kamar ganga, alhali muryarta ba ta da zaƙin da ka saba ji a gurmi, har kana zaton ko maƙerinta ne bai ƙware ba. Ka yi saurin yanke hukunci.

Rawar da ka kalla ita ce ta mutanen Ashi, wani reshe na kabilar Yi da ke zaune a yankin Mile, cikin lardin Yunnan na ƙasar Sin, kuma ana kiranta rawar wata domin a farin wata aka fi yinta, musamman lokacin bikin wuta na ranar 24 ga wata na shida a kalandarsu. A shekarar 2008 hukuma ta saka ta cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Abin da ya shafi sana'armu shi ne kiɗanta, wanda yake tafiya da bugu biyar: a ukun farko mai rawa yana taku, a biyun ƙarshe kuwa sai mata su tafa hannu, a ɗaga ƙafa a harba. Tatsuniyarsu ta ce manoma ne suka shiga gonar da aka ƙone tun toka ba ta huce ba, suka riƙa ɗaga ƙafa ɗaya suna sauke ɗaya, kuma duk wanda ya lura da takun zai ga alamar hakan.

To, yanzu ka duba aikin da aka ɗora wa wannan molo. Namiji ne yake rataye da ita a kafaɗa, yana kaɗawa yana tsalle a fili, cikin taron mutane masu yawa, kuma sarewa ce take ɗauke da waƙar, ba ita ba. Abin da ake nema daga tsirkiyarta uku shi ne duka mai nauyi da zai isa ƙafar wanda yake can ƙarshen fage, saboda haka ake fafe itace mai faɗi a rufe bakinsa da fata, kamar yadda muke rufe ganga. Da an ƙanƙanta cikin domin murya ta yi siriri, da tafin matan kaɗai ya binne ta.

Idan ka sake kallo, ka daina bin yatsun makaɗin, ka sa ido a ƙafafun masu rawa, kana ƙirga ɗaya zuwa biyar, sannan ka saurari inda molon take faɗowa. Gobe da safe ka zo da fatar akuyar nan da muka jiƙa, zan nuna maka yadda faɗin baki yake sauya murya.