Baƙin tabon da ke hotonka ƙura ce, ba baƙin rami ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ɗauki hoton sama da ƙaramin madubin hangen nesa, na saita shi wajen burjin Ƙausu inda tsakiyar damin taurarinmu take. Sai ga wani jan tabo, can gefe kuma wani wuri baƙi ƙirin, babu tauraro ko ɗaya. Da na tura a WhatsApp ɗin gidanmu, wani ya ce baƙin ramin nan ne yake haɗiye taurari, wai yana matsowa. Hankalin mahaifiyata ya tashi. Me na ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ka gaishe da Hajiya, ka ce ta kwantar da hankalinta.

Jan tabon ba shi da wuya. A wannan ɓangaren, idan ja ne mai faɗi da baƙar jijiya ta ratsa shi, nebular M8 ce (nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura a sararin samaniya), wadda ake kira Lagun. Idan ƙarami ne, an tsaga shi uku, ja haɗe da shuɗi, to M20 ce, tana arewa da M8 kaɗan. Jan hasken haidurojin ne da jariran taurari suka gasa, shuɗin kuma ƙura ce da ke maido da hasken tauraro. Dukansu tafiyar haske ce ta shekara 4,000 zuwa 5,000 daga nan, tsakiyar damin taurarinmu kuwa wajen shekara 26,000. Wato a kan hanya suke, ba a tsakiyar ba.

Yanzu ga maganar da ta ishe ni. Kusan kullum sai an turo min hoton baƙin tabo da jan da'ira, an rubuta "baƙin rami". Jama'a, ƙura ce! Gajimare ne na ƙura mai sanyi da ya tare taurarin da ke bayansa. Wanda ya taɓa tsayawa a Kano ranar da hazo ya sauka ya nemi Dutsen Dala ya rasa, ai bai ce an haɗiye dutsen ba. Tun 1919 masanin taurari Edward Barnard ya jera irin waɗannan gajimare 182. Ɗaya daga cikinsu, Barnard 86, yana nan a Ƙausu kamar an ɗiga tawada a kan gari, jingine da wani cincirindon taurari mai lamba NGC 6520. Ba mamaki shi ka kama.

Baƙin rami na gaske, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce masa, yana nan a tsakiyar damin taurarinmu, sunansa Sagittarius A*, nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 4. Amma girmansa bai cika zagayen da duniyar Makyuri ke yi wa rana ba, kuma daga nan hango shi kamar hango fanke ne a kan wata. Sai da aka haɗa tashoshin rediyo 8 a sassan duniya kafin a samu hotonsa, aka fitar ranar 12 ga Mayu, 2022. Shi ne wani zai ce ya gane shi a hoton da aka ɗauka a tsakar gida? Kuma ba ya zuwa ko'ina. Mu ne muke kewaya tsakiyar, zagaye ɗaya fiye da shekara miliyan 200. Masu yaɗa wannan magana ko taswirar sama ba su taɓa buɗewa ba, aikinsu hana tsofaffi barci.

Hasken da ido ke gani ma ba ya ratso ƙurar daga tsakiya ya iso mu, shi ya sa nebulolin can, irin su Sagittarius B2 da Sagittarius C, sai da hasken infared (wanda ido ba ya gani) ko igiyar rediyo ake ganinsu, aikin madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya da tashar rediyon MeerKAT ta Afirka ta Kudu. Launukan waɗannan hotuna masana ne ke sa su don bambanta nau'o'in hasken da ido ba ya gani, kada ka gwada su da naka.

Ka buɗe manhajar Stellarium, ka sa rana da lokacin da ka ɗauki hoton, ka daidaita taurari uku masu haske da na hotonka, sunan tabon zai fito. Sannan ka sake ɗauka a wani daren da hadarin damina ya yi sarari, ka ajiye hotunan biyu gefe da gefe a gaban Hajiya ta ga ko tabon ya motsa.