Zan iya nuna wa maraya katun ɗin da uba yake mutuwa a ciki?

Tambaya: Maigidana ya rasu wata biyu ke nan, ina cikin takaba. Ɗanmu mai shekara bakwai ya yi shiru, ko ƙwallo ya daina fita. Ƙanena ya ce zai je wajen masu tura finafinai a memori ya karɓo masa katun ɗin zakuna mai suna Le Roi Lion (The Lion King), amma na ji uban zakin mutuwa yake yi. A sayo ko a bari? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. A sayo, 'yar'uwa, amma kada a miƙa masa waya ya shige ɗaki shi kaɗai. Ke za ki zauna kusa da shi.

Kawunsa ya nemi na 1994, wanda aka zana. Na 2019 an yi zakunan tamkar na gaske, ba a gane damuwa a fuskarsu. A tsohon kuwa, bayan garken namun daji ya wuce, za ki ga ɗan zakin, Simba, yana ture gawar ubansa Mufasa, yana jan kunnensa don ya tashi, daga ƙarshe ya kwanta ƙarƙashin hannunsa. Sai baffan Simba ya sa masa a rai cewa shi ya jawo, ya gudu ya girma da wannan nauyi bai faɗa wa kowa ba. Nan ne amfanin fim ɗin gare ki. Yara da yawa haka suke zargin kansu a ɓoye: "Don na ƙi zuwa aike ne Baba ya mutu?" Ki tsayar da fim a wurin, ki gaya masa ƙarara cewa ba laifinsa ba ne, kwana ne ya ƙare. Don Allah kada a ce masa Baba ya yi tafiya, zai yi ta jiran sallamarsa a ƙofar gida.

In ya yi kuka, kada a ce ya yi shiru shi namiji ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Akwai inda Mufasa yake bayyana cikin gajimare yana magana. Wataƙila ɗanki ya tambaye ki ko Babansa ma zai fito haka. Ki ce masa wannan labari ne, amma addu'a tana isa gare shi, sai ku ɗaga hannu ku yi masa tare.