Likita, wai menene wannan "nano" da ake ta faɗa?

Tambayoyi huɗu ne suka zo min kan abu guda, sai na haɗa su. Masana ma taro suke yi duk shekara kan wannan magana, wato yadda za a ci moriyar fasahar nano ba tare da an cuci jikin mutum ko ruwa da ƙasa ba.

Tambaya: Salam likita, barka da aiki. Dan Allah wai gaskiya ne an saka nano a allurar korona? Wasu sunce na'ura ce mai bibiyar mutum, ni kuma nayi sau biyu, har yanzu hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Nano ba na'ura bace, ma'auni ne kamar mita ko inci. Ka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kaso guda shi ne nanomita, kaurin silin gashin kanka kaɗai ya kai wajen nanomita 80,000. Abin da ke cikin allurar korona ta kamfanonin Pfizer da Moderna wani ɗan ƙunshin kitse ne mai girman kusan nanomita 100, an naɗe saƙon rigakafin a ciki saboda in an bar shi tsirara zai lalace kafin ya isa inda aka aike shi, kuma da ya gama aiki jiki ke narkar da shi. Ba batir ba eriya, to da me zai bibiye ka? Kuma dabarar ba sabuwa bace, tun 1995 Amurka ta amince da Doxil, maganin ciwon daji da aka naɗe a irin wannan ƙunshi don a rage yadda yake taɓa zuciya. Jan layin nan da ke fitowa a yawancin gwajin malariya na gaggawa ma ƙwayoyin zinare ne 'yan mitsi-mitsi suka taru a wurin.

Tambaya: Likita ina yini. Wata ce take tallan ruwan azurfa na nano a Facebook, tace yana maganin taifod da sanyi da ulsa, ina so in saya wa mahaifiyata, ya kake gani?

Amsa: Hajiya don Allah kar ki saya, kar ki ba Mama. Wannan tallan yana ɓata min rai sosai domin an ɗauko gaskiya kaɗan an lulluɓe ƙarya da ita. Eh azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta, shi yasa ake saka ta a wasu bandeji na ƙuna, amma a kan fata ne kuma likita na dubawa. Sha daban ne. Jiki baya buƙatar azurfa ko kaɗan, in an daɗe ana sha taruwa take yi a fata har mutum ya koma toka-toka mai shuɗi, kuma launin baya gogewa ko an daina. Tana kuma hana wasu magunguna shiga jiki yadda ya kamata, harda wasu antibayotik da maganin maƙoƙo. Tun 1999 hukumar magunguna ta Amurka tace babu hujjar cewa irin wannan ruwan yana da aminci ko yana warkarwa. In Mama na zazzaɓi ko ciwon ciki a kai ta a yi gwaji.

Akwai kuma ɓangaren da mai talla ba zata faɗa miki ba. Ana saka azurfar a safa da riguna don kar su yi wari, in an wanke sai ta bi ruwa, can kuma bata san ƙwayar cuta da ƙwaya mai amfani ba, tana iya taɓa ƙwayoyi masu amfani da ke tsaftace ruwan datti, kifi ma baya jure ta. Irin wannan ne masu binciken ke ta kai ruwa rana a kai, suna cewa tun a wajen ƙira a tambaya ina abin zai ƙare bayan an gama amfani da shi.

Tambaya: Man kariyar rana da nake shafawa an rubuta nano a jiki, in daina?

Amsa: A'a 'yar'uwa, ci gaba. Binciken da aka yi ya nuna ƙwayoyin nano da ke cikin man basa wuce saman fata mai lafiya. Na feshi ne ki kiyaye kar ki shaƙa, huhu ba fata bane, kuma kar ki shafa a kan rauni.

Tambaya: Malam likita naga ance ruwan roba cike yake da ɓarɓashin roba da ido baya gani, mu daina sha kenan?

Amsa: Maganar da tushe Malam. A Janairun 2024 masana a jami'ar Kolombiya da ke Amurka sun ƙirga kimanin ɓarɓashi 240,000 a lita ɗaya ta ruwan da suka gwada, kusan kashi 90 cikin 100 masu girman nano ne. A shekarar kuma likitoci a Italiya sun duba kitsen da aka cire daga jijiyar wuyan marasa lafiya, waɗanda aka samu roba a nasu sun fi sauran gamuwa da bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa, fiye da ninki huɗu. Wannan ya tayar min da hankali gaskiya, amma alaƙa aka gani, ba a tabbatar robar ce sanadi ba. Shawarata kar ka bar ruwa mai tsafta ka koma wanda zai saka maka kwalara, wannan cikin kwana ɗaya take iya kashewa. Ka rage abin da zaka iya: kar ka bar robar ruwa a rana ko cikin mota mai zafi, kar ka zuba abu mai zafi a leda ko roba, wadda ta tsufa ta karce ka rabu da ita, in kana da kwalba ko gorar ƙarfe ka riƙa zuba ruwanka a ciki.