Me ya sa ake watsi da ƙorafin cin zarafi a intanet?

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa kika kai ƙarar mai cin mutuncinki, kamfanin kafar sada zumuntar ya ce mutumin bai karya ƙa'ida ba. Matsalar tana cikin ƙa'idojin, domin ba sa fayyace inda tsangwama ta fara, kuma mai duba ƙorafi yakan kalli saƙo ɗaya tak, alhali cutarwar tana cikin maimaitawar. Wannan yana damuna ƙwarai. A 2017 Jamus ta yi dokar NetzDG, wadda ta tilasta wa manyan kamfanonin kafafen sada zumunta cire saƙon da ya saɓa wa doka ƙarara cikin awa 24, ko su fuskanci tarar da za ta iya kaiwa Yuro miliyan 50. Ki tattara hotunan saƙonnin da kwanan watansu, ki sake shigar da ƙorafinki a dunƙule.