Aikin raba wasiƙu: amsa ga mai son shiga gidan waya

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka kammala difloma, kana sha'awar aikin raba wasiƙu, amma 'yan'uwa suna hana ka da cewa sana'a ce da ta riga ta mutu. Na yi wannan aiki har Allah ya kai ni ritaya, saboda haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Masu hana ka suna da gaskiya ta wani gefe. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, wasiƙar gaisuwa da ɗa kan aiko wa mahaifinsa daga Legas ko Fatakwal ta yi ta raguwa, yau kuwa da ƙyar za ka ga guda a jaka. Abin da ya rage shi ne wanda waya ba ta iya ɗauka: takardun hukumomi da na bankuna da na lauyoyi, takardun makaranta da ake aikawa ƙasashen waje, sai kuma ƙunshin kayan da jama'a suke saye ta intanet. Idan za ka shiga, ka sani cewa irin wannan saƙon za ka ɗauka, kuma mai shi ba ya yafe a ɓatar masa da shi.

Hukumar gidan waya ta ƙasa, wato NIPOST, ta gwamnatin tarayya ce, an kafa ta a 1985 lokacin da aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho, wato P&T, ɓangaren tarho ya zama NITEL. Ba kullum NIPOST take ɗaukar ma'aikata ba, kuma takardar karatunka ce take yanke matakin albashin da za a ɗora ka a kai. Albashin ƙaramin mataki ba ya sa mutum ya yi arziki, wannan kada wani ya ruɗe ka. Amfaninsa shi ne tabbas: ana barin aiki a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, kuma bisa dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Ka jira sanarwar hukuma da kanta. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ka yi nesa da shi.

Aikin da kansa ba a kan babur yake farawa ba. Da sassafe buhunan saƙo suke isowa a ɗaure, a duba hatiminsu, a buɗe, a ware na masu akwatin gidan waya, sannan a rarraba sauran unguwa unguwa. Saƙon da aka yi wa rajista kuwa sai an shigar da lambarsa a littafi ka sa hannu, kuma daga wannan lokacin yana wuyanka har sai mai shi ya sa nasa hannun ko ya dangwala yatsa. Kafin ka fita za ka jera su bisa yadda hanyarka ta tafi, domin wanda bai jera da kyau ba zai ratsa layi ɗaya sau uku cikin zafin bazara.

Inda ake gane ma'aikaci shi ne wajen adireshi. Muna da lambar yanki mai alƙaluma shida, kamar 700001 ta Kano ko 800001 ta Kaduna, amma iyakarta ta kawo saƙo gidan wayar da ya dace, ba za ta kai ka ƙofar gida ba. Sau da yawa abin da za ka tarar a bayan ambulan shi ne sunan mutum, sai "bayan masallacin Juma'a, kusa da injin markaɗe", alhali a layin sunan da aka rubuta ba wanda ya san shi, domin da laƙabi ake kiransa. A nan sai ka nemi mai unguwa, ko mai shagon bakin layi, ko dattawan da ke zama a dakali. Ka yi musu sallama, ka gaisa da su kafin ka yi tambaya. In ka isa gidan da akwai matan aure, a ƙofa za ka tsaya ka aika yaro ya ce ana sallama da maigida. In ba ya nan, saƙon rajista ba a barin shi a hannun yaro ko maƙwabci, komai roƙon da za a yi maka. Ka rubuta dalili, ka mayar da shi ofis, ka sake dawowa.

Sannan akwai amana, wadda a ganina ita ce rabin aikin. Za ka riƙe ambulan da ka san takardar ɗaukar aiki ce ko ta shari'a, za ka san wanda banki yake bi bashi a unguwa, kuma dole bakinka ya yi shiru. Buɗe saƙon wani ko ɓoye shi laifi ne a doka, kuma yakan raba mutum da aikinsa.

Shawarata ita ce kada ka zauna jiran gurbin gwamnati. Ka koyi babur sosai, ka yi lasisi, ka iya bin taswira a waya, ka nemi aiki a kamfanonin kai saƙo masu zaman kansu irin su DHL ko GIG Logistics, ko ƙananan da ke garinku. Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin NIPOST, domin ita ce take ba su izini, kuma ka tambaya tun farko wa ke sayen mai, wa ke gyaran babur, wa kuma zai biya idan kaya suka lalace a hanya. A rubuta maka wannan a takarda kafin ka karɓi makulli.