Amsa: Me ya sa mazaɓa ta 5 a Moris ke da wakilai uku?

Malam, ka tambaya yadda Pamplemousses da Triolet, wato mazaɓa ta 5 a arewacin tsibirin Moris (Mauritius) da ke Tekun Indiya, take tura mutum uku majalisa. Haka tsarinsu yake: mazaɓu 20 na babban tsibirin kowacce kujera uku, ƙaramin tsibirin Rodrigues biyu, jimilla 62. A takardar ƙuri'a dole ka zaɓi 'yan takara uku cif. Ka yi wa biyu ko huɗu alama, ƙuri'arka ta lalace. Masu ƙuri'a mafi yawa su uku su ne suka ci, babu zagaye na biyu.

Matsalar ita ce yawancin mutane ƙawancen jam'iyyu ɗaya suke ba ƙuri'unsu duka, don haka ɗan rinjaye kaɗan kan share kujeru ukun gaba ɗaya. A wannan mazaɓar Firaminista Seewoosagur Ramgoolam, wanda ya kai ƙasar ga 'yancin kai a 1968, ya rasa kujerarsa a 1982, lokacin da 'yan adawa suka lashe kujeru 60 na babban tsibirin kaf. Ɗansa Navin ya ci ta a 1991, ya riƙe har 2014 da ya faɗi yana Firaminista. A 2019 ya koma mazaɓa ta 10 bai yi nasara ba, sai a Nuwamban 2024 ya dawo gida ya ci.

Akwai ƙarin kujeru har 8 na waɗanda suka faɗi amma suka samu ƙuri'u masu yawa, don daidaita wakilcin al'ummomi, ciki har da Musulmi. Abin damuwa, har yanzu da ƙidayar 1972 ake lissafinsu.