Alawar zinc mai lambar mallaka tana maganin mura?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga lambar mallakar ƙirƙira (patent) a jikin kwalin alawar zinc, wato alawar tsotsa mai ɗauke da sinadarin zinc, kana tambaya ko hakan na nufin an tabbatar tana warkar da mura. A'a gaskiya. Ofishin da ke ba da wannan takarda a Amurka yana duba ko haɗin sabo ne, ba shi ke gwada magani a jikin mutane ba, kuma wa'adinta a yanzu shekara 20 ne kawai. George Eby na Texas, wani mai bincike, ya wallafa bincikensa kan alawar zinc da mura a 1984 ya samu takardar a 1985, ka ga tasa ta daɗe da ƙarewa.

Amma kar ka ɗauka alawar zinc ɗin banza ce, wasu gwaje-gwaje sun nuna tana rage kwanakin mura in an fara cikin awa 24 da jin maƙogwaro na ƙaiƙayi, kuma tsotsa ake har ta narke ba haɗiyewa ba. Ni bayan kwali nake dubawa, in na ga citric acid, wato sinadarin tsamin lemo, ajiyewa nake, don yana riƙe zinc ɗin ya hana shi sakuwa a baki, saboda ɗanɗano ake zuba shi. Wadda na sha bauri gare ta kamar ka tsotsi ƙarfe, baki ya bushe, in cikinka babu komai har tashin zuciya take sawa, don haka ka ci abinci tukuna, kuma kar ka wuce 'yan kwanaki kana sha.